Amsa kan maganar sakin naira, muryar da aka tura guruf

Assalamu alaikum jama'ar guruf, barkanmu da yamma, ya kasuwa ya iyali. Ku yi min haƙuri muryar nan za ta ɗan yi tsawo, wanda ba shi da data ya bari sai dare ya saurara. Ƙanena, tun jiya na ga tambayarka, ina shago ne kwastomomi sun yi yawa ban samu na zauna ba. Ka ce wai me ake nufi da an saki naira kasuwa ta yi halinta, kuma me ya sa riyal da sefa suke zaune wuri ɗaya mu kuma tamu kullum tana hawa da sauka. Sannan na ga Malam namu na Maraɗi ya sa baki ya ce ai gara a ɗaure naira kamar yadda aka ɗaure sefa kowa ya huta. Toh bari in faɗi abin da na sani, ni dai sama da shekara ashirin ina Kantin Kwari ina sauke kaya daga waje, abin nan a jikina na ji shi.

Ka ɗauka dala tumatir ce. Ka je 'Yankaba da safe, in motoci sun shigo da yawa kwando ya faɗi, in mota biyu ce kawai ta shigo masu saye kuma sun cika kasuwa kwando ya tashi, babu wanda ya zauna ya yanke, yawan kaya da yawan masu nema su ne suka yanke. Wannan shi ne sakin kuɗi. Ɗaurewa kuma shi ne sarkin kasuwa ya fito ya ce daga yau kwando dubu biyar ne. Zai iya faɗa, amma maganarsa ba za ta zauna ba sai in yana da rumbu cike da tumatir, duk wanda ya zo da dubu biyar ya miƙa masa kwando. Ranar da rumbun ya ƙare, toh farashin dubu biyar zai rage a baki kawai, tumatir ɗin gaske ya koma bayan kasuwa ana sayar da shi dubu tara. Rumbun nan shi ne asusun ajiyar kuɗin waje na babban banki. Ka riƙe wannan a ranka, duk sauran maganar a kansa take.

Kuma ka sani ba mu muka fara ba, duniyar gaba ɗaya a ɗaure take a da. A 1944, ana cikin yaƙin duniya na biyu, ƙasashe 44 suka taru a wani gari a Amurka da ake kira Bretton Woods, suka shirya cewa kowane kuɗi a ɗaure shi da dala, ita kuma dala a ɗaure ta da zinare, dala 35 kan oza ɗaya. A nan aka haifi asusun ba da lamuni na duniya, wato IMF, da Bankin Duniya. Aka tafi a haka shekara ashirin da wani abu, Amurka tana ta kashe kuɗi, ga yaƙin Biyetnam, dalar da ke hannun ƙasashen waje ta zo ta fi zinaren da ke rumbunta, ƙasashe irin su Faransa suka fara cewa ga takardunku a ba mu zinarenmu. Ranar 15 ga Agusta 1971 shugaba Nixon ya fito a talabijin ya ce an rufe, ba a ƙara canza dala da zinare. Zuwa 1973 manyan kuɗaɗen duniya duk an sake su. Ka ga ita kanta Amurka rumbunta ne ya gaza. Kuma a wannan shekarar ta 1973 ce, ranar 1 ga Janairu, aka fito da naira ta maye gurbin fam, lokacin dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba, wajen kwabo 65 ce. Iyayenmu da suka je Makka a shekarun nan suna ba mu labari, da naira a aljihu suke tafiya ana karɓa da murna.

Daga nan sai tarihinmu ya zama abu ɗaya ana ta maimaitawa. In mai ya yi kuɗi rumbu ya cika a ɗaure naira, in mai ya faɗi rumbu ya bushe a yi ta jan rai ana cewa ba za a karya darajar naira ba, a ƙarshe a saki ta faɗi gaba ɗaya. 1986 zamanin Babangida da shirinsa na gyaran tattalin arziki, SAP, aka fara gwanjon dala, ta tafi wajen naira 4. Zamanin Abacha farashin gwamnati naira 22 ne shekara da shekaru, a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, kuma ta haura 80. 2015 an riƙe ta a 197, har aka fitar da jerin kaya 41 aka ce ba za a ba su dala a banki ba, Yunin 2016 aka saki ta wuce 280 a rana ɗaya. Sai na baya-bayan nan, ranar 14 ga Yuni 2023, sati biyu da hawan Tinubu, babban banki ya haɗe kasuwannin ya ce mai saye da mai sayarwa su daidaita tsakaninsu. Kafin ranar farashin gwamnati wajen 460 ne, a Wapa kuma wajen 750.

Toh tsaya a kan wannan 460 da 750 ɗin, don nan ne nake so Malam na Maraɗi ya saurare ni da kyau. Wallahi tallahi a duk shekarun nan ban taɓa samun dala a 460 ba, ni da duk wanda na sani a layinmu. Ka cike fom, ka kai takardu, ka ajiye kuɗinka a banki wata uku wata huɗu, a ƙarshe a ce babu, ka kwashi kuɗinka ka tafi wurin 'yan canji. Amma akwai waɗanda suke samu. Mutum ya karɓi dala miliyan ɗaya a 460, ya tsallaka titi ya sayar a 750, naira miliyan 290 ke nan ta shiga aljihunsa bai ɗaga ko kwali ɗaya ba, bai ɗauki yaro ko ɗaya aiki ba. Wannan kuɗin na mai ne, na ƙasa ne, na kowa da kowa. Kuma kayan da ke kasuwa, daga atamfa har batirin waya, da farashin Wapa ake sa musu kuɗi tun can. Shi ya sa in mutum ya ce min a dawo da tsarin da, nake tambayarsa a dawo da shi don wa. Sannan lokacin da aka saki, bashin dalar da babban banki ya yi alƙawari bai biya ba ya kai wajen dala biliyan 7, kamfanonin jiragen sama kuɗinsu ya maƙale sun kasa fitarwa. Rumbun ya riga ya bushe tun kafin a saki.

Amma fa kada ka ji na faɗi haka ka ɗauka ina yabon yadda aka yi. Bari in ba ka abin da ya same ni. A watan Nuwamba 2023 na sauke kaya daga Chaina, leshi da yadi, na dala dubu 40, na sayi dalar a wajen 1,150, ka ga miliyan 46 ke nan. Yadda muka saba tun zamanin iyayenmu a Kwari, kaya bashi ake bayarwa, mutumin Maiduguri ya ɗauka, na Yola ya ɗauka, na Gusau ya ɗauka, bayan wata biyu uku su kawo kuɗi, amana ce ba takarda. Na raba kayan, lissafina ya kama miliyan 52, na ce alhamdulillahi ribar miliyan 6. Mutanen nan ba wanda ya ci amanata, kowa ya biya daidai. Amma kuɗin sun gama shigowa ne a watan Fabrairu 2024, dala ta kai 1,800 tana neman 1,900. Na zauna a shago bayan la'asar da kalkuleta, yaran shago sun tafi sallah, na raba miliyan 52 da 1,800, abin da ya fito bai kai dala dubu 29 ba. Na goge na sake dannawa har sau uku. A littafi na ci riba, a zahiri sama da dala dubu 11 ta fita daga jarina, kwatan jari da ɗoriya, kuma ba ɓarawo ba gobara ba. Ranar ban iya cin abincin dare ba, uwargida tana ta tambaya ko jikina ne.

Ga kuma ɗaya gefen, wanda mutane ba sa faɗa. Maƙwabcina a layi, dattijo mutumin kirki, da ya ga tana ta hawa ana cewa za ta kai dubu biyu da ɗari biyar, tsoro ya kama shi ya tattara duk abin da yake da shi ya sayi dala a 1,850 ya tura oda. Kafin kwantenarsa ta iso, a watan Afrilu, naira ta farfaɗo dala ta dawo wajen 1,100. Kwastoma ya shigo ya ce Alhaji ai dala ta sauko ka rage, shi kuma kayansa a 1,850 suka tsaya masa. Ya riƙe ya riƙe, masu binsa kuɗi suka matsa, ya karyar. Yana gama karyarwa a watan Mayu dala ta koma 1,500. Ni hawa ta cinye ni, shi sauka ta cinye shi, cikin wata shida, a layi ɗaya. Kuma ka ƙara da kuɗin kwastan, don shi ma da farashin dala ake lissafa shi, ya tashi daga ɗari huɗu da 'yan kai zuwa sama da 1,500 cikin watanni, akwai lokacin da a sati ɗaya sai a canza shi sau biyu sau uku, kayanka suna kan ruwa ba ka san nawa za ka fanshe su a Legas ba.

Shi ya sa nake cewa tsada ba ita ce ta fi kashe ɗan kasuwa ba. In ka ce min dala 1,500 ce kuma za ta zauna a nan shekara guda, zan yi lissafina, in ɗora ribata, in ba da bashi hankali kwance, mai masana'anta a Sharaɗa ya san nawa zai sayi kayan gyaran injinsa. Rashin sanin gobe shi ne cutar. Shi ne ya sa aka daina ba da bashi a kasuwa, shi ne ya sa mai shago yake ɗora kuɗi fiye da kima don yana tsoron abin da zai tarar in ya je sabon saye, shi ne ya sa wanda ko fasfo ba shi da shi yake sayen dala ya ɓoye a ƙarƙashin katifa, shi kuma wannan sayen ya ƙara tura ta sama. Tsoro yana haifar da abin da ake tsoro.

Kuma wani ɓangaren abin ba daga gida yake ba. Daga Maris 2022 zuwa Yulin 2023 babban bankin Amurka ya ɗaga kuɗin ruwa daga kusan sifili zuwa sama da kashi 5 cikin ɗari don su kashe tsadar kayansu. Duk mai kuɗin da ya zuba jari a ƙasashe irin namu ya ce me zan zauna yi, ya kwashe ya koma gida. Sidin Gana a 2022 ya zube sama da rabi a wani lokaci, har ƙasar ta kasa biyan bashinta na waje. Masar ta saki fam ɗinta a Nuwamba 2016, ta sake ɗaurewa, ranar 6 ga Maris 2024 ta sake saki, daga wajen 31 ya tafi kusan 50 a yini ɗaya. Kada ka ce ƙananan ƙasashe ne kawai, Ingila da kanta a Satumba 1992 ta yi ƙoƙarin riƙe fam a farashin da ta ɗauka, ta zubar da biliyoyi a rana ɗaya, da yamma ta sallama. Tailan 1997 haka, daga ita wutar ta kama Indonesiya da Koriya ta Kudu. Wasu mutane su zauna a Washintan su yanke hukunci saboda tattalin arzikinsu, mai sayar da shayi a Fagge ya ga madarar gwangwani ta ƙara kuɗi. Abin yana min ciwo amma haka tsarin yake tun 1971.

Yanzu riyal. Saudiyya ta ɗaure shi a riyal 3.75 kan dala ɗaya tun 1986, har yau bai motsa ba. Dalili, rumbunsu cike yake, ɗaruruwan biliyoyin dala, suna haƙo gangar mai wajen miliyan tara zuwa goma a rana kuma mutanensu ba su kai miliyan 40 ba. Mu mun haura miliyan 200, kuma a 2022 akwai watan da abin da muke haƙowa bai kai ganga miliyan ɗaya ba saboda sata da fasa bututu, sannan ɗan abin da aka samu a mayar da shi waje a sayo tataccen fetur. Da me za ka ɗaure? Kuma tunda riyal a jikin dala yake, duk faɗuwar naira kai tsaye take shiga kuɗin kujerar Hajji. Hajiya da ke guruf ɗin nan shaida ce, 2023 kujera ba ta kai miliyan 3 ba, 2024 aka ce miliyan 4.9, mutane suka sayar da gona suka sayar da shanu suka biya, sai ga sanarwa a kawo cikon miliyan 1.9 cikin 'yan kwanaki. Na san tsofaffin da suka yi shekara goma suna tari suka haƙura a wannan shekarar. Allah Ya kira su da rabonsu.

Sefa kuma, Malam, ka fi ni sani amma bari in faɗa don sauran. An ɗaure ta da yuro, sefa 655.957 kan yuro ɗaya tun 1999, kafin nan da faran na Faransa, kuma baitulmalin Faransa ne ya tsaya mata. Gaskiya ne kayan masarufi ba sa tashi a wurinku kamar namu, wannan ba ƙaramin abu ba ne, ban raina shi ba. Amma ka tambayi manya abin da ya faru a Janairun 1994, aka zauna a Dakar aka raba darajarta biyu a dare ɗaya, mutum ya kwana da jika goma, wato sefa dubu goma, ya tashi tana sayen kayan jika biyar daga waje. Kuma bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka sa takunkumi, babban bankin da ke Dakar ya rufe asusun Nijar, kai da bakinka ka gaya mana yadda ake layi a banki a Maraɗi ana ba mutum ɗan abin da bai kai ya kawo ba daga kuɗinsa. Wanda ya riƙe maka igiya yana hana ka faɗuwa, amma igiyar a hannunsa take. Sannan ƙarfin sefa ya taɓa mu ta wata hanya, da jika ɗaya ta haura naira dubu biyu da ɗari biyar, mutumin Maraɗi ko Damagaram in ya shigo kasuwar hatsi ta Dawanau gero da masara sun zama masa araha, motoci suka riƙa ɗiba suna ketarawa, manomi ya ji daɗi, mai awo da kwano a cikin gari ya sha wuya. Ba laifin kowa ba ne, kowa inda zai samu yake bi.

Abin da na zarga a namu shi ne an cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, an saki naira 14 ga Yuni, duka biyun a kan talaka cikin kwana goma sha shida, ba a tanadi komai ba, ba a fafe gora ranar tafiya. Sai daga baya, da Cardoso ya zama gwamnan babban banki, a Fabrairun 2024 aka fara ɗaga kuɗin ruwa daga 18.75 har ya kai 27.5 a ƙarshen shekarar, aka soke lasisin 'yan canji sama da dubu huɗu, aka biya bashin dalar nan. Ya yi aiki ta wani gefen, asusun ajiya ya haura dala biliyan 40, a 2025 dala ta riƙa zama wajen 1,450 zuwa 1,600, tazarar banki da Wapa ta zama 'yar kaɗan, matatar Dangote ta fara ba da fetur an rage neman dalar shigo da mai. Ni a shago na ji sauƙin wannan zaman, na koma ba da bashi amma na sati uku kawai, kuma kuɗi na shigowa nake tura wa ejan ɗina a biya masu kaya, ba na bari naira ta kwana biyu a asusu. Sai dai wanda zai ci bashin banki a sama da kashi 30 ya kafa masana'anta, wace sana'a ce za ta biya wannan? Kuma in ba a kafa ba, me za mu sayar wa duniya dala ta shigo? Riɗi da zoɓo da citta da fata da muke fitarwa ɗanye suna kawo wani abu, amma atamfar da nake sayarwa da kaina daga Chaina take zuwa, alhali masaƙun Kano da Kaduna a da dubban mutane suke ci a cikinsu.

Kai kuma ƙanena da kake aikin albashi, lissafinka ya fi nawa zafi. Mafi ƙarancin albashi a 2019 naira dubu 30 ne, a farashin lokacin ya haura dala 80. A Yulin 2024 aka mayar da shi dubu 70, ka raba da 1,500 ka gani, bai kai dala 50 ba. An ninka maka takarda sama da biyu an rage maka abin da take saye kusan rabi, kuma a Disambar shekarar hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a lissafin hukuma. Ni ina iya ɗora wa kaya kuɗi gobe da safe, kai sai ka jira shekaru a zauna da ƙungiyar ƙwadago. Babban yaron shagona yana da 'ya mai ciwon asma, abin shaƙar da yake saya mata ya ninka ya sake ninkawa cikin shekara ɗaya, ya zo min da kwalin a hannu yana nuna min tsohon farashi da sabo a jiki, tun ranar na ce kuɗin maganin yarinyar nan a kaina yake.

An kira magariba, bari in tsaya a nan. Malam na Maraɗi, in ka samu lokaci ka turo mana nawa jika take yau a wurinku, akwai wanda zan biya a Damagaram ranar Alhamis. Wassalamu alaikum.